Ƙota Mai Jan Ƙyalle

Shirun Baba ne ya fara gaya mani akwai matsala. Yana zaure yana waya, muryarsa tana shigowa har tsakar gida yadda ta saba, yana dariya, yana ce wa wanda yake magana da shi aiki ya kammala, ya zo ya ga abin da zai sa ya manta da barci. Sai dariyar ta yanke kamar an ɗauke wuta.

Ina zaune gefen murhu, tiren kabewa a gabana, babban yatsana na hagu naɗe da tsumma. Ban daɗe da yankewa ba. Kabewar ta yi tauri, na danna da ƙarfi, ta sulɓe, gindin wuƙar ya cije ni. Jini ya zuba ba laifi, Inna ta ce in danne da gishiri in daina raki, na danne, na ci gaba da aikina.

Na ji Baba ya ce, "Wane jan ƙyalle?"

Shiru.

"Ai na cire shi har da ƙotar. Duka biyun na sauya masu ƙota."

Shiru kuma, mai tsawo. Sai ƙarar takalminsa, ba tafiyarsa ta kullum ba. Ya shigo babu sallama, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Idonsa bai tsaya kan fuskata ba. Ya tsaya kan wuƙar da ke hannuna, daga nan ya sauka kan tsumman.

Ya ce, "Uwata, ajiye ta. A hankali. Ajiye ta ƙasa."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mani, shi ya sa yake kirana haka. Amma ranar kalmar ta fito masa kamar roƙo.

Baba ba maƙeri ba ne, ba kuma maharbi ba. Aikin gwamnati ya yi a nan Gusau har ya yi ritaya. Ƙirar wuƙa sha'awa ce kawai ta kama shi tun yana aiki, ta ƙi sakinsa. A bayan zaure ya yi 'yar rumfa, da zuga-zugi, da guntun ƙarfen jirgin ƙasa da yake bugu a kai. Yakan je wurin masu gyaran mota ya tsinto tsohon sifirin, ya wuni yana bugu yana gogewa, ya fito da wuƙar farauta wadda mutum zai ga fuskarsa a jikinta. Ba ya sayarwa. Kyauta yake yi wa wanda ya ga zai san darajarta. Kuma yana da doka guda: babu wuƙar da za ta fita gidanmu sai ta shiga madafar Inna an gwada ta. In ta raba kabewa ba tare da gardama ba, ta ci jarrabawa. Da safen nan shi da kansa ya miƙo mani wadda ta yanke ni ɗin, yana ta murmushi.

Wuƙaƙen biyu ne, iri ɗaya, kamar tagwaye. Shekarun baya ya ƙera su ya ba wani abokinsa maharbi, mutumin Nahuce ta wajen Bunguɗu, wanda muke kira Kawu duk da ba mu haɗa jini ba. Kwanakin baya Kawu ya biyo ya bar su a gyara masu ƙota, sun fara girgiɗi. Baba ba ya gida lokacin, ni na karɓa. Na tuna ɗaya tana naɗe da wani jan ƙyalle mai maiƙo a ƙotarta, ya yi baƙi-baƙi don dauɗa. Ban kawo komai a raina ba. Baba ma bai kawo ba. Shi abin da ya gani kawai an wulaƙanta masa aiki. Ya fitar da tsoffin ƙotocin, ya sassaƙa sababbi na itacen kirya, ya sa masu zoben tagulla, ya goge ƙarafan har suka koma kamar ranar da aka haife su.

Abin da Kawu ya faɗa masa a waya shi ne: ɗaya daga cikinsu ya daɗe da daina fiɗa da ita. Da ita yake dama dafi, da ita yake shafa wa kibiyoyinsa. Ita ce mai jan ƙyallen.

Yanzu babu ƙyalle. Babu mai iya cewa wacce ce.

Inna ta saki muciya ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, me ka kawo mana cikin gida?"

Ya warware zaren da ke ɗaure da bakin buhun gawayi ya ɗaura wa wuƙar da ta yanke ni, don kada ta sake ɓacewa cikin 'yar'uwarta. Ya ce Inna ta haƙa rami ta binne kabewar duka, har tiren kada kaji su matso kusa. Sannan ya ce in tashi.

Na tashi. A nan na fara jin zuciyata.

Ban san yadda zan bayyana wannan ba ga wanda bai taɓa shiga ba. Kafin wannan minti lafiyata ƙalau, har ina 'yar waƙa. Da aka ce dafi, sai na ji bakina ya bushe, yatsan ya fara zafi har gwiwar hannu, ƙirjina yana bugu kamar ana daka. Shin dafin ne ya fara aiki, ko tsoro ne? Ban sani ba. Har yau in na tuna, hannun nan yakan yi sanyi. A cikin adaidaita ina zaune tsakanin Baba da Inna, ina kallon masu lemo da masu cajin waya a bakin titi, kowa yana harkarsa, ina mamakin yadda ba su san abin da ke faruwa ba. Inna tana tofa mani addu'a a ka. Baba yana ce wa direban ya yi sauri, can kuma ya ce ya yi a hankali kada jinina ya motsa.

A asibiti likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta saurari Baba har ya gama, ba ta katse shi ba. Ta sa aka wanke ciwon, wanki mai zafi wanda ya sa na yi ƙara, aka yi mani allura, aka kwantar da ni aka manna mani wayoyi a ƙirji, wata na'ura a gefen gado tana zana bugun zuciyata da koren layi.

Baba ya ce, "Likita, na goge ta. Wallahi na goge ta da magagari, na wasa, na wanke. Babu abin da zai saura."

Ta ce, "Mai yiwuwa haka ne, Baba. Amma ka ce gindin wuƙar ne ya yanke ta, kusa da ƙota. Nan ma ka goge har ka tabbata?"



Ta ce irin dafin da maharba ke haɗawa yawanci zuciya yake nufa. Ba za ta sallame ni ba sai ta ga yadda zuciyar za ta yi. In na ji tashin zuciya, ko jiri, ko gani ya sauya mani, in yi magana nan take. In kuma za a iya gano wace wuƙa ce, ko me aka haɗa a dafin, a gaya mata, zai rage mata lalube.

Tana fita na ji tashin zuciya. Na ji jiri. Na kalli bango na ga kamar farin ya yi ruwan ɗorawa. Na kira nas, ta zo ta duba na'urar ta ce, "Ke, zuciyarki gudu take yi kamar an biyo ki, amma gudun lafiya ne. Ki daina kallon injin nan." Na ce to. Tana juya baya na koma kallonsa. A sakandare mun zana zuciya a darasin kimiyya, da ɗakunanta da hanyoyin jini, na ci maki mai kyau. Ranar na gwammace ban taɓa gani ba, don ina kwance ina bin hanyar da abin zai bi, daga yatsa zuwa hannu, daga hannu zuwa kafaɗa.

Kawu ya ce in ya ga wuƙaƙen zai gane tasa ko cikin duhu. Matsalar ita ce ba ya Nahuce. Ya tafi Tsafe gaisuwar rasuwa, daga can ya yi wayar. Ya ce yanzu zai nemi mota. To amma hanyar Tsafe ba a shigarta yanzu da ka kawai, direbobi sai sun ji labari daga na gaba kafin su tayar. Baba ya yi ta kira. Wani lokaci ta shiga, wani lokaci a ce ba a samun mai lambar. Ya fita baranda, ya dawo, ya zauna, ya miƙe. Ya ce zai je tasha ya jira, ya kai ƙofa, ya dawo ya ce ba zai bar ni ba. Inna ta ce, "Malam, ko ka tafi ko ka zauna, kana ƙara mata bugun zuciya." Ya tafi.

Na tambayi Inna ko mutum yana sanin lokacin da abin zai zo. Ta buge mani ƙafa ta ce in rufe mata baki. Sannan ta juya fuska wajen taga ta daɗe ba ta juyo ba.

An yi azahar ina kwance. Na yi salla da ishara, ban san abin da na karanta ba. A gadon da ke kusa da ni wata tsohuwa ce mai ciwon suga, ta ji labarin duka. Ta ce mani a ƙauyensu wani ya taɓa taka kibiya mai dafi, bai kai bakin gona ba. 'Yarta ta ce, "Haba Iya!" Ta ce ai ƙarfafa mani gwiwa take yi, tunda ni ga shi na kai azahar.

Bayan azahar suka iso. Tun daga baranda na ji muryar Kawu, ba ya iya magana a hankali. Ya shigo da ƙurar hanya a rigarsa, ya tsaya a kaina, ya kama hannuna ya juya, ya buɗe idona da yatsa ya leƙa.

Ya ce, "Ɗiyata, sannu. Kina ganina ɗaya ko biyu?"

Na ce ɗaya.

"To madalla, ɗayan ma ya ishi mutane."

Baba ya warware jaridar da ya naɗo wuƙaƙen a kan benci. Suka kwanta gefe da gefe suna sheƙi, ɗaya da zare, ɗaya babu. Kawu ya sunkuya. Ya ɗauki ɗaya ta ƙota ya karkata ta wajen haske. Ya shinshina. Ya ajiye ya ɗauki ɗayar. Ya koma ta farko. Ina kallon fuskarsa, ina jira ta saki, ba ta saki ba.

Ya ce, "Malam, mi ka yi masu?"

"Gyara na yi."

"Wagga tawa tana da baƙin tabo nan wurin, da ɗan giɓi a baki inda ta bugi tukunya. Ina suke?"

"Na goge."

"Ka goge! Ni ƙota na ce a gyara, ban ce a yi masu wankan amarya ba."

Baba ya ce, "Kai kuma da ka kawo dafi gidan da ke da mata, ba za ka buɗe baki ka faɗa ba?"

"Na ɗaura ƙyalle! Duk wanda ya taɓa rataya kwari ya san jan ƙyalle. Tun kakanninmu haka munka taras, ba a faɗi da baki, ɗaurawa akai."

"Ni na taɓa rataya kwari? Biro na rataya, shekara da shekaru."

"Shi ya sa. Kun iya goge abu ku sake rubutawa."

Nas ta leƙo ta ce in faɗa za su yi su fita waje, nan ba tasha ba ce. Kawu ya zauna a ƙasa ya cire hula. Na ji shi yana faɗa wa Baba sunayen itatuwan da yake haɗawa, a hankali yanzu, don a kai wa likita. Ya ce bana ya dafa sabo, mai ƙarfi, don tun da daji ya lalace ba a son jin ƙarar bindiga, kowa ya koma baka. Da na ji kalmar sabo sai koren layin nan ya fara tsalle. Na fara kuka, ba mai sauti ba, hawaye kawai suna shiga kunnena. Duk wunin nan abin da nake riƙe da shi shi ne Kawu zai zo ya duba ya faɗa. Ya zo, ya duba.

Inna ce ta yi magana, kuma ba shawara take bayarwa ba, haushi ne ya ishe ta.

Ta ce, "Ni tun ranar da na ga ƙazamin tsumman nan raina bai kwanta ba. Ɗayar ƙotar na hura wuta da ita, amma wannan na ce ba za ta shiga murhuna ba, wari take yi. Tana can bayan tulu na wurgar."

Baba ya ɗago kai.

"Tana ina?"

"Bayan tulu. In ba akuya ta ja ba."

"Da ƙyallen a jiki?"

"Da wa zai taɓa shi?"

Ya tashi ya fita, har ya manta hularsa a kan benci. Kawu ya bi shi da kallo ya ce, "Shi kuma ina za shi?"

Ni na gane, don na sha zama a bakin rumfar ina kallo. Kowace wuƙa tana da wutsiya, wani siririn ƙarfe da ke shigewa cikin ƙota. Baba ba ya huda ƙota da abin huji har ƙarshe. Ɗan rami yake farawa, sai ya gasa wutsiyar ta yi ja, ya danna ta cikin itacen, hayaƙi ya turnuƙe, ta ci wa kanta hanya. Saboda haka ramin kowace ƙota siffar wutsiyarta ce, da lanƙwasarta da kaurinta. A fuska wuƙaƙen tagwaye ne, amma wutsiya ba wanda zai gani, ba ya ɓata lokaci ya daidaita su. Na yi wa Kawu bayani. Ya ce, "Allah Ya sa akuyar nan ta ƙoshi."

Jiran nan ya fi na safe tsawo. Na ƙirga abin da zai iya faruwa: akuya ta ja, ko ƙotar ta tsage, ko duka biyun su shiga tunda dama ta yi girgiɗi. Ko kuma ta zaren ta shige. Wannan na ƙarshen na yi ta ture shi yana dawowa.

Ya dawo da ƙotar a cikin leda, da awartaki da guduma. Nas ta ce ba a nan ba. Suka zagaya gindin wata bishiya da ke daidai tagar ɗakin. Inna ta ɗaga ni zaune, ta jingina ni da jikinta, wayoyin suna ja mani fata.

Na ga Baba ya durƙusa ya ɗora wuƙa mai zaren a kan dutse. Ƙotar kiryar nan ya yi kwanaki yana sassaƙa ta, yana shafa mata man gyaɗa, ya hana kowa taɓawa. Ya ɗaga guduma ya sauke sau ɗaya, ta ƙi, kirya ce. Ya ƙara, ya ƙara, har ta dare, zoben tagullar ya gangara cikin ƙasa bai ko kalle shi ba. Ya mayar da zaren kan ƙarfen. Ya fasa ta biyun.

Kawu ya riƙe tsohuwar ƙotar da awartaki, jan ƙyallen yana lilo. Baba ya ɗauki wuƙa mai zare, tawa, ya saita wutsiyar a bakin ramin.

Ta shiga. Na ji Inna ta matse ni. Ta shiga, ta shiga, sai ta tsaya a rabi. Ya danna, ta ƙi. Ya zaro ya juya ta ɗaya gefen, ta tsaya tun kafin rabin ma. Ya ajiye ta. Ya ɗauki ɗayar. Ban ga ya yi wani ƙarfi ba. Ta sulale har gindi ta zauna.

Kawu ya yi wata kabbara da ta sa mutanen baranda suka waiwayo. Baba bai tashi ba. Ya zaro, ya sake gwada tawa, ta ƙi, ya sake gwada ɗayar, ta shige. Ya zauna daɓas a ƙasa cikin ɓaraguzan kiryarsa, ya rufe fuska da hannun riga.

Kawu ya zo taga ya ce, "Ɗiyata, wadda ta cije ki ta fiɗa ce. Zomo kaɗai ta sani da gada."

Na ce, "Kawu, ka tabbata?"

"Ni ban tabbata da komai ba yau. Itacen ne ya tabbata."

Duk da haka ban saki jikina ba. Na ce sai likita ta faɗa. Baba ya wanke hannu ya je ya same ta ya yi mata bayanin wutsiya da ƙota, na hango shi yana kwatantawa da yatsu. Ta saurara kamar ɗazu, ta ce ta ji kuma ta yi murna, amma dai in ƙara kwanciya, ita ma tana da nata gwajin.

Ana kiran la'asar ta shigo. Ta tsaya ta daɗe tana kallon koren layin, ta kama hannuna ta ji bugun da yatsunta, ta tambaye ni ko na yi amai, na ce a'a. Ta fara ɓalle wayoyin daga ƙirjina ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Tun safe zuciyarki ba ta kauce ba, tsoro kawai ta sha. Da akwai wani abu da ya nuna kansa tuni. Ba abin da zai same ki, in sha Allah. Ki kula da ciwon kada ruwa ya shiga."

Na ce, "Likita, har yanzu tana bugawa da ƙarfi."

Ta ce, "Bar ta ta buga. Tashi ki je gida."

Na sauko da ƙafafuna ƙasa. Ta taga na ga Baba ya sunkuya yana tsince ɓaraguzan ƙotocin yana zubawa a aljihu, Kawu yana tsaye a kansa yana ɗaura sabon jan ƙyalle a jikin wuƙar dafin da kansa.